Ƙanwata mai zane ta Tudun Wada, kada ki sayi takardar nan

Assalamu alaikum warahmatullah. Ƙanwata, tun jiya na ga tambayarki, na so in amsa nan take amma raina ya ɓaci, sai na bari na huce tukuna. Kin ce a Tudun Wada ta Zariya aka haife ki, mahaifinki daga Chadi ya zo tun yana saurayi, mahaifiyarki 'yar cikin birni ce. Kin cike fom ɗin wani tallafi na masu zane har kin kai ƙarshe, sai aka ce ki haɗa da takardar indijin, wato shaidar ƙaramar hukumar asali. Kin je nema aka ce miki asali na uba ne. Yanzu wani ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki daga wata ƙaramar hukumar da ba ki taɓa taka ƙafa ba. Kina tambaya ki karɓa ko kada ki karɓa, kuma shin akwai wani tallafi a ƙasar nan da irinmu ke iya samu.

Kada ki karɓa. Don girman Allah kada ki karɓa. Na ga masu ce miki ai kowa haka yake yi, kuma ba na zarginsu, wasunsu tausayinki suke ji. Amma su in magana ta tashi suna da ƙauyen da za su nuna da dagacin da zai tsaya musu. Ranar da aikinki ya fara fita, ranar ce wani mai hassada zai tono takardar, kuma ba wanda zai ce tsari ne ya matse ki. Cewa za a yi baƙuwa ta yi ƙarya ta ci haƙƙin 'yan ƙasa, kuma wannan tabon zai bi sunanki duk inda zanenki ya je. Sannan ki duba, takardar nan ƙarya ce a kan mahaifinki, kin sauya masa gari yana raye. Ni dai ba zan iya ba.

Ni babana daga Damagaram ya zo, lokacin farin nan na 1973 zuwa 1974 da ya kori mutane da dabbobi kudu. Baduku ne, ya zauna a kasuwar Sabon Gari yana ɗinka jaka da kube da titimin fata har idonsa ya raunana. Mamata Bakurama ce daga wajen Saminaka. To kin ga ta ɓangaren uba baƙuwa ce ni, ta ɓangaren uwa kuma 'yar ƙaramar ƙabila. Aikina rini ne da zanen yadi. Ban yi jami'a ba, a gindin tukunyar baba na koya, sai kuma wata ɗalibar jami'ar Samaru da ta taɓa haya a gidanmu, Allah ya saka mata da alheri, ita ta nuna mini yadda ake tsara zane a takarda kafin a kai shi jikin yadi.

Waɗanda suka daɗe a zauren nan sun san abin da ya same ni, amma ke ba ki sani ba, bari in faɗa miki. An taɓa shirya wani baje koli a wajen jihar nan, aka ce ana neman ayyukan da za su nuna fasahar ƙasar Zazzau. Mutumin da aka damƙa wa zaɓen da ƙafarsa ya zo gidanmu a Muciya. Ya zauna a tabarma, an dama masa fura ya sha, yana kiran mahaifina Baba, har yana tambayarsa labarin Damagaram da yadda suka yi tafiyar. Ki riƙe wannan, ƙanwata, ya san daga ina muke tun ranar farko. Ya ɗaga zannuwana ɗaya bayan ɗaya yana sa albarka. Lokacin ina ɗauko zanen da magina ke yi a goshin zaurukan cikin birni, ina haɗa shi da irin zanen da babana ke tsagawa a fata, ina fitar da su fari a kan shuɗin baba. Ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, ya ce akwai kuɗin mota da na masauki da ɗan abin kashewa, kuma za a buga sunana a cikin littafin baje kolin. Sunan nan shi na fi so, wallahi ba kuɗin ba.

Na kwashi adashena kaf, na sayar da 'yan kunnena na aure, na sayi farin yadi mai kyau. Na yi aiki har hannuwana suka rine zuwa gwiwar hannu, ina salla da su a haka. Yarana ba su ga girkina yadda ya kamata ba a lokacin, maƙwabciyata ce ke taimakona. Aka zo aka kwashe kayan tun kafin tafiya, wai za a auna a shirya su.

Ranar tantancewa muna zaune a layi, masu sassaƙa da masu tukwane da masu ɗinkin hannu, yawancinmu mun san juna. Da aka zo kaina, mutumin nan da ya sha furar gidanmu ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "Malama, ke 'yar wace ƙaramar hukuma ce?" Na ce Sabon Gari. Ya ce, "A'a, ba inda kike zaune na tambaya ba, asali." Na ce ranka ya daɗe, a nan aka haife ni, a nan aka yanke cibiyata, a nan na yi makaranta, a nan nake zaɓe. Ya ce, "Ina takarda?" Na ce ba ni da ita. Sai ya ja biro a kan sunana ina kallo, ya ce, "Gurbin nan na 'yan jiha ne. Ku baƙi ne, sai dai ku yi haƙuri." A gaban mutane, da muryar da kowa zai ji. Kowa ya sunkuyar da kai. Wani dattijo mai sassaƙa ne kaɗai ya buɗe baki ya ce haba, yarinyar nan ai 'yar Malam ce na kasuwa, sai aka ce masa ya ji da nasa. Har yau ina yi wa dattijon nan addu'a.

Na ce to a ba ni kayana. Aka ce an riga an ɗaure an loda, ba za a kwance ba, in an dawo zan samu. Na fito na tsaya bakin titi ban ma san inda zan nufa ba, mai acaɓa yana magana ba na jin abin da yake cewa.

Abin bai tsaya nan ba. Ana cikin baje kolin wata ƙawata ta turo mini hoto daga Facebook. Ga zanena a rataye, babban cikinsu, wanda na fi wahala a kansa. A ƙarƙashinsa an liƙa 'yar takarda an rubuta cewa aikin matan Zazzau ne, babu suna. Ga wata mata tsaye a gefensa ta ɗora hannu tana murmushi da manyan baƙi, daga baya na ji 'yar uwar mutumin ce, ko allura ba ta taɓa sa wa yadin ba. Wato aikina ɗan Zazzau ne, ya cancanci ya wakilci jiha, ni da na yi shi ce baƙuwa. Da aka dawo sai da na yi ta sintiri kafin a ba ni kayan, wasu da tabon mai, babban kuwa aka ce an ba wani babban mutum kyauta. Ko sisi ban gani ba. Na sha haɗuwa da mutumin nan bayan haka a wurin biki da wurin gaisuwa, yana gaishe ni lafiya lau, bai taɓa cewa ki yi haƙuri da abin da ya faru ba. Ban sani ba ko ya manta ne. Ni ban manta ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na faɗa wa babana. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce in yafe masa, shi ya jawo mini. Mutumin da ya taho a ƙafa yana gudun yunwa, ya ciyar da mu da allura da basilla, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, shi ke roƙona gafara don an haife shi a ƙetaren iyaka. Ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Duk lokacin da na ga fom mai layin asali sai maganar nan ta dawo mini. Shi ya sa da na karanta naki na kasa yin shiru.

To ki saurara, akwai abin da nake so ki sani tun yanzu, don ni sai daga baya wani lauya ya buɗe mini ido. Ke 'yar Najeriya ce cikakkiya. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ɗaya aka ce, ba a ce sai uba ba. Mahaifiyarki ta isar miki. Sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa ko yadda aka haife shi. Zama ɗan ƙasa daban, takardar indijin daban. Ita wannan ƙaramar hukuma ke bayarwa, bayan mai unguwa da dagaci da hakimi sun shaida, kuma al'adar da aka saba ita ce a bi uba. Ta samu ƙarfi ne daga tsarin rabon guraben gwamnati tsakanin jihohi da ke sashe na 14, wanda har hukuma aka kafa masa a 1996. An yi shi ne don kada wani yanki ya danne wani wajen aikin gwamnati, kuma ban ce babu hikima a ciki ba. Amma sai ya malalo har cikin harkar fasaha, inda ya kamata a duba hannun mutum. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, ni da ke babu ko ɗaya da ta yarda tamu ce.

'Yan uwan da iyayensu biyu duka daga waje suka zo, ku naku ya ɗan bambanta, haihuwa a nan kaɗai ba ta ba mutum zama ɗan ƙasa. Akwai hanyar nema a sashe na 27, tana buƙatar zaman shekara 15. Ku nemi lauya, kada ku bi 'yan bakin sakatariya.

Ki sake komawa, amma wannan karon da mahaifiyarki da wani babba daga danginta, ku fara daga mai unguwarsu. Na san wadda ta samu ta wannan hanya, na kuma san wadda aka hana, ya danganta da wanda kika tarar. In an ba ki ta dangin uwa, wannan halak ce, ba ƙarya a ciki. Ki kuma yi katin mazauna jiha. A zamanin gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i an shelanta cewa a jihar Kaduna an daina bambanta ɗan asali da mazauni, aka fito da rajistar mazauna. Ba kowane ofishi ne ya sauya hali ba, amma kati ne da za ki iya ajiyewa a kan tebur ki yi magana. Ki haɗa shi da takardar haihuwa da lambar NIN da katin zaɓe, ki rubuta wa masu tallafin nan wasiƙa cikin ladabi, ki ce ga shaidar ke 'yar ƙasa ce kuma mazauniyar Zariya, za su karɓa a madadin indijin? A rubuce, ba da baki ba. Wasu fom ɗin kwafarsa kawai aka yi daga na neman aiki, su kansu ba su yi tunanin layin ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wai a Zariya ake yi wa mai zane wannan tambaya. Garin da sunansa ya shiga tarihin zanen Afirka ta hannun baƙi. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya a 1958, lokacin makarantar ba ta ma zama Jami'ar Ahmadu Bello ba, su wane ne? Uche Okeke da Demas Nwoko daga ƙasar Ibo, Bruce Onobrakpeya ɗan ƙabilar Urhobo, Yusuf Grillo daga Legas. Har yau duniya da sunan Zariya take kiransu. Ki zaro naira ashirin ki duba bayanta, Ladi Kwali ce zaune tana gina tukunya. Bagwariya ce, ba ta yi boko ba, ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, ita ce mace ta farko a wurin, kuma jami'ar nan tamu ta Samaru ce ta ba ta digirin girmamawa a 1977. El Anatsui da ake alfahari da shi ɗan Ghana ne, ya zo koyarwa Nsukka a 1975 ya zauna, a 2015 aka karrama shi a babban baje kolin Venis. Ko gidajen sarautar Zazzau huɗu, Allah ya ƙara musu daraja, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, tarihinsu na mutanen da suka zo suka zauna ne gari ya karɓe su. Haka Zazzau take tun asali, ba mu muka fara zuwa ba.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, na dangin mamata. Su ba a ce musu baƙi, amma ba a tuna su sai ranar biki. A kira su su sa kayan gargajiya su yi rawa a gaban manya, a ɗauki hoto, a sallame su da kuɗin mota. Ɗan ƙaramar ƙabila ya kawo zanen da ya yi a kan rayuwar gari ko a kan abin da ke damunsa, sai a ce masa a'a, ka kawo mana abin al'adarku. Ke ma za ki gamu da wannan, za a ce ki zana raƙuma da sahara tunda 'yar Chadi ce ke, alhali Kwangila da PZ na nan Zariya kika sani. Ki zana abin da ke ranki. Wanda ke son tallafa wa irinmu da gaske ya ba mu wurin aiki da kayan aiki, ya sa sunanmu a jikin aikinmu, ya sa ɗaya daga cikinmu a kwamitin da ke zaɓe. Da akwai mutum ɗaya irina a teburin nan ranar, da ba a ja biro a kan sunana haka ba.

Af, kuma kada wani ya ce miki ki yi haƙuri aure zai warware. Mijina ɗan asalin jihar nan ne, yarana suna da takarda, ni uwarsu ba ni da ita. Matan da suka yi aure a wata jiha ma suna fama da irin wannan, garin miji ya ce su ba nasa ba ne, garin uba ya ce ai sun tafi.

Maganar ko akwai tallafi. Gaskiya abin da ya biyo ta hannun jiha yawanci zai tambaye ki asali, don haka aka gina shi. Ko babban bikin fasaha da al'adu na ƙasa, NAFEST, wanda hukumar fasaha da al'adu ta ƙasa da aka kafa a 1975 ke shiryawa, jiha-jiha ake zuwa, kowace da tawagarta. Bashin da Babban Banki ya fito da shi a 2019 don masu ƙirƙira kuwa fim da waƙa da ɗinkin zamani da manhajar kwamfuta ya ɗauka, mai fenti da buroshi bai shiga lissafi ba. A 2023 an ware wa fasaha da al'adu ma'aikata ta kanta a tarayya, aka naɗa Hannatu Musawa minista, muna addu'a abin ya iso ga na ƙasa. Ni inda na ga haske shi ne wuraren da aikin suke kallo. Akwai gasar LIMCAF ta Inugu da ake yi wa matasan masu zane tun 2007, ki duba sharuɗɗansu na bana. Akwai asusun Prince Claus na ƙasar Holan, suna zaɓar matasa 100 a shekara daga Afirka da Asiya da wasu yankuna su ba kowa yuro 5,000. Akwai gidan zaman masu fasaha da shahararren mai fasaha Yinka Shonibare ya buɗe a Legas. Ki riƙa leƙa shafukan cibiyoyin al'adu na Jamus da Faransa da Ingila, sukan fitar da sanarwa. Ba na ce miki da sauƙi ba, masu nema suna da yawa, kuma da Turanci ake rubuta bayani. Ki rubuta naki da Hausa tukuna yadda yake a zuciyarki, sannan ki nemi wanda zai juya miki, akwai ɗalibai a zauren nan da za su yi fisabilillahi. A irin waɗannan wurare kada ki ɓoye Chadin mahaifinki, ki faɗa da bakinki.

Kuma kasuwa ba ta tambayar takarda. Ki duba 'yan fim da mawaƙan Hausa nawa ne suka zo daga Nijar da Kamaru da Ghana, mutane suna son su suna sayen aikinsu. Ni abin da ya tashe ni bayan wancan faɗuwar matan aure ne masu sayen zannuwan gado da labule, da wata baiwar Allah a Kaduna da ta fara kai kayana shagonta. Da adashe na mayar da 'yan kunnena.

Abu ɗaya da nake roƙonki, kada aikinki ya fita daga hannunki babu sa hannunki a jikinsa, a gaba ba a baya ba. Ki ɗauki hotonsa da rana, ki ɗauki kanki kina cikin yinsa. Duk wanda zai karɓa, ko wane ne shi, ko ya sha furar gidanku, ya rubuta a takarda guda nawa ya karɓa, yaushe zai dawo da su, nawa ne kuɗin kowane in ya ɓata, ya sa hannu da shaida. In ya ce ba ki yarda da shi ba ne, ki ce ka'idarki ce. Akwai dokar haƙƙin mallaka, sabuwarta ta 2022 ce, amma doka ba ta aiki sai da hujja a hannu.

Malamaina da ke cikin zauren nan, na san akwai waɗanda ake kira alƙalancin gasa da kwamitocin zaɓe, wasunku daga harabar jami'a ta Samaru, wasu daga ta Kongo. Ina roƙonku don Allah, in an kawo muku fom ku duba layin nan, ku ce a mayar da shi inda mutum yake zaune. Ku ake ji, mu ba a jin mu.

Ƙanwata, ki turo mini saƙo ta akwati in ba ki kwatancen gida. Ki zo ranar Asabar bayan la'asar da zanenki guda uku ko huɗu da kika fi so, mu ɗauki hotunansu, mu rubuta wasiƙar tare. Ki gaida mini Baba da Mama, kuma kada ki faɗa wa Baba maganar takardar nan yadda za ta sa ya ga kamar laifinsa ne.